Audu Bako: Ɗan Sandan da Ya Tare wa Kano Ruwa

An haifi Alhaji Audu Bako a 1924, ya shiga aikin ɗan sanda yana saurayi, ya bi matakai har ya kai kwamishina. A watan Mayun 1967, da Janar Yakubu Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi 12, sai ya naɗa shi gwamnan farko na Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau.

Bai daɗe da kama aiki ba yaƙin basasa ya ɓarke, ya riƙe jihar har aka ajiye makamai a Janairun 1970. Babban abin da ya sa a gaba shi ne ruwa. A zamaninsa aka gina madatsun Bagauda da Tiga, kuma farin 1973 ya nuna hangen nesansa. Daga baya madatsun Tomas a yankin Dambatta da Watari a Bagwai suka bi sahu, manoma suka samu noman rani, ga tumatir, ga albasa, ga shinkafa.

Ya sauka a Yulin 1975, ya rasu a 1980. Kwalejin aikin gona ta Dambatta da gidan namun daji na Kano suna ɗauke da sunansa.