Idan iska ta yi wa injin mai turbo yawa

Ƴan uwa manoma da direbobi, taraktoci da manyan motocin da ke ɗaukar albasa daga Galmi, da yawansu suna da turbo. Hayaƙin injin ne ke juya shi, shi kuma ya tura iska da ƙarfi cikin bututun da ke rarraba ta ga silinda. In matsin iskar ya kai iyaka, wata ƙaramar ƙofa a jikin turbo takan buɗe, wani hayaƙin ya bi ta gefe, turbo ya rage gudu.

In ƙofar ta ƙi buɗewa, matsi ya yi yawa. A sababbin motoci fitila takan kama a gaban direba, ƙarfin mota ya faɗi tana tsakiyar hawa. In an kashe an sake tayarwa, ƙarfin ya dawo. Kada ku ce ta warke. Tsohon injin kuwa ba ya gargaɗi, sai dai babban tiyo ya fice, ko gaskit ya ƙone.

Kada ku yi gaggawar sayen sabon turbo, yana da tsada. A fara duba siririn tiyon robar da ke kai iskar buɗe ƙofar. Zafi yakan tsaga shi, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Bayan injin ya huce, makaniki ya cire sandar ƙofar ya motsa ta da hannu. In tsatsa ko kunkunniya ta riƙe ta, a wanke.

Saura ma'aunin matsi. A murɗa makulli, kada a tayar da injin. Na'urar gwaji za ta nuna kusan bar 1. In ta nuna fiye da haka sosai, a tuhumi ma'aunin ko wayarsa, ba turbo ba.