Hular Jariri Kafin Hunturu

Kowace shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu, hunturu yakan sauko mana da sanyi da ƙura. Babba ya iya jawo bargo ya rufa, amma jariri bai iya ba. Kansa babba ne in an gwada da jikinsa, saboda haka zafin jiki yakan fita da sauri ta wurin. Ma'aikatan lafiya sun ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In ya sauka ƙasa da haka, yaro yakan yi sanyin jiki, ya kasa shan mama. Bakwaini, da wanda bai kai kilo 2.5 ba a ranar haihuwa, su ne suka fi shiga hatsari. Ƙaramar hula tana taimako ƙwarai, kuma ko wadda ba ta taɓa riƙe kibiyar saƙa ba tana iya koyonta.

Ga abin da za ki nema: ƙulli ɗaya na zaren ulu mai laushi, mai matsakaicin kauri (giram 50 ya isa), kibiyoyi biyu masu kaurin milimita 4, babbar allura, da almakashi. Zaɓi zare mai haske, gama baƙi yana wahalar da idon mai koyo.

Kowane madaukin zare da ke kan kibiya za mu kira shi ido. Saƙa iri biyu ce kawai za ki koya, ta gaba da ta baya. Nemi wata a Zumuntar Mata ta nuna miki da hannu, gama gani ya kori ji.

Da fari ki ɗora ido 64 a kan kibiya. Kada ki matse su. Ki saƙa ɗaya gaba, ɗaya baya, har ƙarshen layi, ki yi ta maimaitawa sai ya kai santimita 3. Wannan shi ne bakin hula, yana buɗewa ya kama kai. Daga nan ki saƙa layi guda duka gaba, na biye duka baya, har tsawon aikin ya kai santimita 9.

Yanzu sai ragewa. A layin gaba ki saƙa ido 6, ki haɗa biyu su zama ɗaya, haka har ƙarshe. Za su rage 56. Ki koma da layin baya. Sa'an nan ki saƙa 5 ki haɗa biyu, su rage 48. Ki ci gaba da haka, kina rage ɗaya kowane karo, har ido 8 su saura. Yanke zaren da tsawo, ki zura shi cikin idanun nan da allura, ki ja su haɗu. Da sauran zaren ki ɗinke gefe da gefe. Hula ta samu.

Ki riƙa ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi. In ɗaya ya zame, ki warware ki gyara tun da wuri, kada rami ya yi girma.

A kula da abu uku. Kada a sa maɓalli ko igiya, domin yaro yana iya shaƙewa. A wanke hular kafin a sa masa. In ɗaki da ɗumi, ko yaro yana gumi, ko za a kwantar da shi barci, a cire ta, gama zafi mai yawa ma yana cutarwa. Hula kuma ba ta maye gurbin ƙirjin uwa. In jariri ya yi sanyi ya ƙi mama, a ɗora shi fata da fata a ƙirji, a rufe su, a kai shi asibiti nan da nan.

Samari ma kada su ji kunya. A ƙasar Hausa ɗinkin hula sana'ar maza ce tun kaka da kakanni. Ku fara yanzu, domin kowane jariri a unguwarku ya sami tasa kafin sanyi ya kama.