Me Ya Sa Wani Rauni Ke Barin Tabo?

TAMBAYA: Wani manomi mai sauraronmu daga Funtuwa ya ce lauje ya yanke shi a ƙafa, ya warke da tabo, alhali ƙurjewar gwiwarsa ta ɓace sarai. Me ya kawo haka?

AMSA: To Malam, fatar mutum hawa-hawa ce. Hawan sama an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta masu sabunta kansu kusan kowane wata. In ƙurjewa ce kawai, sai ƙwayoyin bakin raunin su rarrafo su haɗe a tsakiya, wurin ya rufe ba alama.

Amma in yankan ya nitsa hawan ƙasa, wasu ƙwayoyin ne ke saƙa wani zare, wai shi kolajin, su cike ramin. Wannan facin shi ne tabo. Ba ya fid da gashi ko gumi, ƙarfinsa kuma ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na fatar asali.

A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gano cewa raunin da aka rufe, ya zauna da danshi, ya fi wanda ya bushe saurin warkewa. Don haka a wanke rauni da ruwa mai tsabta, a ɗaure da bandeji, kada a ɓamɓare ɓawon. Ƙasa ko kashin shanu kuwa, kul! Suna iya jawo cutar sarƙewar haƙora. Yanka mai zurfi a garzaya asibiti a ɗinke, tabon zai fi ƙanƙanta.

Naka tabon kuma, yi haƙuri, yakan dushe cikin shekara ɗaya ko biyu. Allah Ya ƙara lafiya.