Ceton da Ba A Auna Shi da Zuwa Majami'a

A Maraɗi addinin mutum a fili yake: ana ganinsa a sutura, ana jinsa a gaisuwa, maƙwabta sun san inda kowa yake ibada. Kirista a nan tsiraru ne, kullum ido na kansu, shi ya sa yake da sauƙi mai bi ya ɗauka cewa zuwa majami'a ran Lahadi, da ba da baiko, da ɗinka ankon zumuntar mata, su ne ceto.

Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. A Yohanna sura 3, wanda Yesu ya gaya wa zancen sabuwar haihuwa shi ne Nikodimu, malami Bafarisiye da ba a kama shi da sakaci wajen kiyaye shari'a ba. Annabi Ezekiyel ma, a sura 36, zuciya ya ce Allah zai sauya. Ceto kyauta ce ta alheri, aiki nagari kuwa 'ya'yanta ne.

'Yan mishan na SIM, da suka sauka Damagaram a 1924 kafin su kafa tasha a Tibirin Gobir, wannan wa'azin suka kawo, kuma tun 1932 akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa. Sai dai zuciya ba ta ganuwa, su kuma suna son tabbaci. Sai suka koma duba abin da ido ke iya kamawa: ya bar giya? Ya rabu da bori da laya? Matarsa ɗaya? A ganina nan ne aka yi tuntuɓe. Mutum zai iya cika waɗannan duka, hassada da girman kai suna nan daram a ƙirjinsa. Ikkilisiyar EERN da ta gaji aikin ta rabu daga baya, kuma ba arna ne suka raba ta ba, masu baftisma ne.

Manoman Jiratawa, kusa da Maraɗi, za su fi kowa gane zancen. Shekaru aka yi ana dasa itatuwa suna mutuwa, har a 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturen itacen da ake sarewa a gonaki saiwarsa na da rai. In aka rage tohon aka bar mai ƙarfi, itace zai tashi da kansa. Abin da aka liƙa wa mutum daga waje rani ɗaya ke kashe shi, wanda ya toho daga ciki ne ke jure fari.

Farin kuwa ya zo. A Nuwamban 2000, lokacin tarzomar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, an ƙona majami'ar Vie Abondante a Maraɗi. A Yunin 2019 aka cinna wa ta Assemblées de Dieu wuta a unguwar Zariya. Gini ya tafi, kujeru sun zama toka, ba sauran abin nunawa. Tambayar da ta rage wa mai bi ita ce ko washegari zai iya gaida maƙwabcinsa Musulmi da zuciya ɗaya, ya je masa suna, ya je masa ta'aziyya. Wannan ba dokar fasto ce ke sa shi ba.

Haka kuma a asibitin kutare na Danja, kudu da gari. Wanke gyambon wanda danginsa suka ƙyamace shi, shekara da shekaru, ba tare da an tambaye shi addininsa ba, aiki ne da albashi kaɗai ba ya riƙe mutum a kansa. Yawancin masu jinyar da ke kwance a can Musulmi ne, Musulmi kuma suke komawa gida.