Yaron da ke da raunin fahimta ba mahaukaci ba ne

 

Kusan kowace unguwa akwai yaron da ya makara wajen zama, ya makara wajen magana, in an kai shi makarantar allo sai ya shekara bai wuce baƙi da wasali ba. Mukan ji ana ce masa dolo ko wawa, wasu su ce aljanu ne suka taɓa shi tun yana ciki. Likitoci suna kiran wannan hali raunin fahimta, wato ƙwaƙwalwa ta tashi da jinkiri wajen koyo da sarrafa al'amuran yau da kullum tun daga ƙuruciya. Daban yake da hauka. Ko a darasin fiƙihu mun ga malamai sun raba majnuni da ma'atuhi, wanda hankalinsa ke nan sai dai bai cika ba. Ashe tun tuni littattafanmu suka bambance abin da mu muke cakuɗawa a bakin titi.

To mene ne ke kawo shi? Dalilan suna da yawa. Akwai wanda ake haihuwar yaro da shi, kamar larurar Down. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya siffanta ta a 1866, amma sai a 1959 masu bincike a birnin Paris suka gano asalinta: a cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai zaren gado 46, su kuwa waɗannan yara 47 gare su, an samu ƙari a lamba ta 21. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, kuma babu abin da aka ci ko aka taka. Akwai kuma wanda ke zuwa daga baya: wahalar haihuwa in jariri ya daɗe bai yi numfashi ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Amma wanda ya fi jan hankalinmu shi ne na gishiri, don kuwa yana cikin tukunyar kowa. A gaban wuyan mutum akwai wata ƴar tsoka mai suna tiroyid. Ita ke haɗa ruwan da ke tafiyar da girman jiki da na ƙwaƙwalwa, kuma ba ta iya aikin sai da sinadarin iyod, wanda a Najeriya ake ce wa aidin. In ta rasa shi sai ta kumbura, shi ne maƙoƙon da muke gani a wuyan wasu mata. Maƙoƙon dai ana ganinsa. Abin da ba a gani shi ne ɗan da ke cikin mahaifa, wanda ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa da iyod ɗin uwarsa. In ƙarancin ya yi tsanani, sai a haife shi da raunin fahimta, wani lokaci har da kurumta da wadanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙarancin iyod a matsayin babban dalilin lalacewar ƙwaƙwalwa da ake iya karewa.

Yadda aka tabbatar da haka abin sha'awa ne. A 1917 wani likita, David Marine, ya fara ba ƴan mata ƴan makaranta iyod a garin Akron na Amurka, maƙoƙo ya ragu ƙwarai a cikinsu. A 1922 aka fara sa shi cikin gishiri a Suwizalan. Daga baya, a tsaunukan Papuwa Niyu Gini, aka yi wa wasu mata allurar mai mai iyod, wasu kuma ba a yi musu ba. Sakamakon da aka buga a 1971 ya nuna waɗanda suka samu kafin su ɗauki ciki kusan duk ƴaƴansu sun tsira. Ga wasu da aka yi wa bayan ciki ya riga ya shiga, an makara. Kenan maganar ta fara ne tun yarinya ba ta yi aure ba, wato tun shekarun ƴan ajinmu.

Abin da jiki ke so ɗan kaɗan ne: maikrogiram 150 a rana ga babba, 250 ga mai ciki. Mu da muke nesa da teku, kifin ruwan gishiri bai cika zuwa mana ba, don haka gishiri mai iyod ne hanyarmu. Gishirin gargajiya na kantu wanda ba a ƙara masa iyod ba ba ya biyan wannan buƙata, komai daɗinsa a miya. Ko mai iyod ɗin ma, in an bar shi a buɗe cikin rana da laima, yakan tsere. A zuba shi a gwangwani mai murfi, nesa da murhu.

Shi kuwa yaron da aka riga aka haifa da raunin, gishiri ba zai mayar da abin da ya wuce ba, kuma duk wanda ya ce yana da maganin warkewa nan take, a yi hattara da shi. Abin da ke aiki shi ne koyarwa da wuri, kaɗan kaɗan, da maimaitawa. Da yawansu suna koyon alwala, sa tufafi, kiwo, ɗinki, har da hardace gajerun surori. In uwa ta ga ɗanta ya makara wajen zama ko magana, ta kai shi likita a duba jinsa da ganinsa tukuna, domin wani yaron ba fahimta ya rasa ba, kunne ne ba ya ji sosai.