Kwana a tanti kusa da mota: Kayan da za a ɗauka da haɗarin da za a kiyaye

Idan hutun ƙarshen shekara ya zo, wasu ma'aikata da 'yan kasuwa kan ɗebi iyalansu a mota su nufi wuraren shaƙatawa irin su Gandun Daji na Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alƙaleri a Jihar Bauchi. Wasu kan kama ɗaki, wasu kuma sun fi son kafa tanti a gefen motarsu. Galibi namun daji ake tsoro a irin wannan kwana, alhali babban haɗarin yakan fito ne daga kayan da aka taho da su daga gida.

Hayaƙin da ba a gani

Janareto da gawayi da risho da injin mota duk suna fitar da iskar guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jinin mutum fiye da iskar oksijin sama da sau 200. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, amma mai barci yakan wuce ba tare da ya farka ba.

Saboda haka, komai tsananin sanyin hunturu, kada a shigar da kaskon wuta ko risho cikin tanti. Kada a kwana a mota injin na aiki don shan sanyin na'ura. Janareto kuwa a ajiye shi aƙalla mita 6 daga wurin kwana, bakin salansarsa yana kallon wani ɓangare. Fitila mai caji ko mai amfani da hasken rana ta wadatar, kuma ba za ta cinye batirin mota ba.

Wurin kwana

A zaɓi tanti mai raga a ƙofa da tagogi, wanda ƙasansa ke ɗinke da jikinsa, don hana sauro da kunama shiga. Adadin mutanen da ake rubutawa a jikin tanti ba ya lissafa jakunkuna, don haka mutum uku su nemi na mutum huɗu. A gwada kafa shi a tsakar gida kafin tafiya. Sanyin dare ta ƙasa ya fi shiga jiki, shi ya sa tabarma kaɗai ba ta isa ba. A haɗa da siririyar katifa da bargo.

Ruwa da abinci

A tanadar wa kowane mutum kimanin lita 4 na ruwan sha da girki a rana, ban da na alwala da wanka. Nama da madara na bukatar kula mai ƙanƙara, amma kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli da garin kwaki ba sa bukatar sanyi. A kulle abinci a cikin mota, domin birai a Yankari sun shahara wajen fizge abin da ke hannun baƙo.

Maciji da kunama

A riƙa yawo da tocila bayan magariba, a sa takalmi rufaffe, a kuma zazzage shi da safe kafin a sa ƙafa. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya. A hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibiti.

Mota da tsaro

A duba safayar taya, jak, ruwan lagireto da wayoyin tayar da batir, a kuma cika tanki. Akwatin taimakon gaggawa da abin kashe gobara su kasance a kusa da hannu. A nemi izinin jami'an wurin, a kafa tanti inda suka nuna kawai, ba a bakin titi ko cikin busasshen rafi ko ƙarƙashin matacciyar bishiya ba. A isa da sauran rana, a sanar da na gida wurin da aka sauka da ranar dawowa, domin ba ko'ina ake samun sabis na waya ba. Kafin a kwanta, a juya motar ta fuskanci hanyar fita, makulli kuma ya kwana a hannun direba.