Ƙarar da Ke Fitowa Daga Tankin Tsohuwar Mota

Masu ajiye tsofaffin motoci a Amurka sun san wata ƙara da ke hana su barci. Mota lafiya lau, inji na tashi da bugu ɗaya, amma da an taka birki ko an sha kwana sai a ji ƙwal daga wajen tankin mai. A duba salansa, a ɗaure kusoshi, ƙarar tana nan. Sau da yawa abin da ya kwance yana can cikin tankin, inda hannu ba ya kaiwa.

Tankin mota ba fanko ba ne kamar jarka. A cikinsa akwai farantan ƙarfe a tsaye, masu huji ko tsaga a gindi, waɗanda suka raba shi ɗaki-ɗaki. Aikin wannan shamaki shi ne karya ƙarfin mai idan ya yi tambal-tambal. Duk wadda ta taɓa ɗauko ruwa daga rafi ta san dalilin jefa ganye a saman ƙwarya: ruwan ya rage tangaɗi, ya isa gida. Lita 40 na fetur ta kai nauyin kilo 30, kuma idan wannan nauyi ya kwasa gefe guda a lokaci ɗaya, yana dukan bangon tanki, yana wasa da allurar mai, wani lokaci ya bar bakin bututu a bushe har inji ya shaƙi iska ya yi tari a tsakiyar kwana. Direbobin tanka sun fi kowa sanin wannan, domin tankar da ke da rabin kaya ta fi cikakkiya wuyar riƙewa a kan hanya.

Motar da ta fi nuna girman matsalar ita ce Ford Model A, wadda aka fito da ita a watan Disamba na 1927, aka yi kusan miliyan 5 kafin a rufe aikinta bayan ƙirar 1931. Ba ta da famfon mai. Tankinta na zaune a gaban direba, sama da gwiwoyinsa, murfinsa a gaban gilashi, mai yana gangarowa da kansa zuwa kafireta. Galibi saman tankin shi ne jikin motar da ake gani, da fentinsa da komai. Saboda haka mai wannan mota ba zai kwance tanki ya jefar ya ɗaura wani kamar yadda ake canza taya ba. Dole ya lallaɓa wanda ya gada.

Abin da ke kwance shamakin shekaru ne da ruwa. Tankunan wancan zamani galibi ƙarfe ne da aka shafe da haɗin dalma da kuza, aka riƙe farantan da ɗigon walda, ko ƙusa, ko liƙin dalma. Motar da ta daɗe a ajiye da rabin tanki tana tara raɓa a ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa tunda ya fi fetur nauyi, tsatsa ta fara ci daidai wurin da faranti ya haɗu da bango. Man da ake sayarwa a Amurka yanzu, mai kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, yana jan danshi, ya ƙara wa abin gudu. Sai girgizar hanya ta shekara 90 ta ƙarasa sauran.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar. A tsiyaye man tas, a leƙa ta bakin tanki da ƙaramar kyamarar nan mai dogon wuya, a zura sandar katako a taɓa farantin a ga ko yana motsi. Idan gefe ɗaya ne ya saki kuma ƙara ce kawai, akwai masu barinsa haka, kuma ban ga laifinsu ba muddin suna lura. Amma farantin da ya faɗi gaba ɗaya ba abin bari ba ne. Yana iya karya hannun abin da ke auna mai, ya kwanta a kan mafitar mai ya toshe ta, ko ya yi ta gogar ƙasan tanki yana kankare tsatsa zuwa kafireta har wata rana ya huda. A Model A, hujin tanki na nufin fetur a kan ƙafafun direba.

Akwai ruwan liƙi da ake zubawa a tanki a jujjuya don toshe ƙananan huji. Yana da amfaninsa, amma ba ya riƙe faranti. Idan ma ba a wanke tankin sosai ba, sai ya ɓare kamar fata ya toshe tsagogin shamakin da bututun mai, a koma neman yadda za a fitar da shi.

Gyara na gaskiya hanya biyu ce. Ko a yanka taga a wurin da ido ba ya gani, a gyara farantin a mayar da shi, a rufe. Ko kuma a auna daidai inda leɓen farantin ya jingina da bango, a huda ƙananan ramuka daga waje, a kama shi da ƙusa, a rufe kawunan da dalma. Ta biyun ta fi kwanta mini. Haɗin dalma da kuza yana narkewa tun daga wajen digiri 183, don haka ana iya gasa kan guduma ta tagulla can nesa, a kawo ta a yi liƙin ba tare da harshen wuta ya kusanci tankin ba.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya, domin wannan gyara ya sha cin rayuka. Mutane na ɗauka tankin da babu mai a ciki ba shi da haɗari. Shi ne ma mafi haɗari. Ruwan fetur ba shi ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska, tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. A tanki mai lita 40, fetur da bai cika cokalin shayi ba ya isa ya kai wannan ma'auni. Kuma ina wannan ɗan fetur yake ɓuya? A cikin tsatsa, da daskararren dattin ƙasa, da ƙarƙashin leɓen shamakin nan da ake son gyarawa. Tanki zai shekara a rana, a shinshina a ji shiru, amma da zafi ya taɓa shi sai ya saki tururi. Ko tartsatsin injin yanka ya wadatar.

Shi ya sa masu aikin da suka san abin da suke yi sukan kai tankin wurin masu gyaran lagireto a dafa shi cikin ruwan soda, ko a busa masa tururin ruwa na sa'o'i, sannan a cika shi da ruwa har kusa da wurin aiki, ko da iskar da ba ta cin wuta irin su agon. Dabarar zura tiyo daga salansar wata mota, wadda ake gani a garejojinmu idan an kawo tankin tsohuwar Peugeot 504 irin wadda aka haɗa a Kaduna, ba abin dogaro ba ce, don hayaƙin inji kan zo da ragowar mai da iska. Sannan walda a kan ƙarfe mai shafen dalma na tayar da hayaƙi mai guba, sai a fili, da abin rufe hanci na ƙwarai.

Idan an gama, a toshe kofofin tankin, a hura masa iska kaɗan, ba irin ta taya ba, don matsi mai yawa zai kumbura shi ya sake tsinka farantan. A shafa ruwan sabulu a kan kowane liƙi, inda ya yi kumfa a sake. Bayan an ɗaura, a sa matata a kan layin mai, kuma idan motar za ta daɗe a ajiye, a bar tankin a cike don raɓa ta rasa wurin zama.